Duniyar da Ta Liƙe a Gauce

Ranar da ya fara zuwa rumfar babanta, ƙwallon taswirar duniya ne a hannunsa, ya rabe biyu. Malamin firamare ne. Su kuwa sana'arsu liƙin roba da ƙarfe mai zafi.

"Yara suka yi dambe a kansa," ya ce. "Daidai kan ikwaita ya tsage."

"Kan me?"

"Ikwaita. Layin da ya raba duniya gida biyu."

Ta liƙe masa, amma a gauce, tudu ya hau kan teku. Ya yi dariya. Ta ji kamar ta nutse, don a aji huɗu ta tsaya. Da la'asar saƙo ya shigo lambar da ke jikin allon rumfar:

"Ba raini ba ne, Tsakiyar Duniyata. Ba zan bari a gyara ba. Haka nake son duniyar."

Da Malam ya nemi aurenta, Baba ya ƙi. Bakaniken layinsu yake so mata. "Malam alli kawai ya iya riƙewa. Wa zai tsare min ke?"

Wata Asabar Malam yana zaune a bencin rumfar, sai ga bakaniken da sifana.

"Kai, mai alli! Ban hana ka zuwa nan ba?"

Bai jira amsa ba, ya sauke masa ita a goshi. Jini ya wanke farar rigarsa. Ta yi ihu ta riƙe bakaniken, ya kwaɗa mata mari, ta zube cikin robobi. Ya ɗaga sifanar a kanta. Malam ya kifa ya rufe ta da jikinsa. Ƙarfen ya sauka a kafaɗarsa, ƙas! Bai matsa ba. Aka ƙara masa, bai matsa ba.

Ta miƙa hannu ta zaro ƙarfen liƙi daga garwashi, ta manna wa bakaniken a dantse. Ya ƙwalla ƙara, ya yar da sifanar, maƙwabta suka danne shi. Baba da ya sheƙo daga tsallaken titi ya ga komai.

A asibiti ya daɗe yana kallon ɗinkin da ya ratsa goshin Malam.

"Ɗana," ya ce, "turo manyanka. Allah ya yi muku albarka."

Bayan aurensu ƙwallon yana nan bisa kabad ɗin ɗakinta, a gaucensa. Ta shafa tabon goshinsa a hankali.

"Malamina, kai ma ka samu ikwaitarka."

"Ita dai an liƙe ta daidai."

Ta rufe fuska tana dariya. "Allah ya bar mu tare."

"Amin, Tsakiyar Duniyata."