Mai Ajiyar Ɗakin Baya

Rana ta yi ja, kaji sun fara neman makwanci, sa'ad da dutsen farko ya faɗo a kan kwanon ɗakin baya. Babba yana tsakar gida yana naɗe wayar wuta, bai ko ɗaga kai ba. Na biyu ya biyo. Aka leƙa lungu, babu kowa.

A ɗakin nan marigayiya Inna take ajiye kayanta, kuma tun rasuwarta yake kulle, sai da Auta ya dawo daga karatu ya buɗe shi. Ya jera tsofaffin kwamfutoci uku a kan benci, ya haɗa su suna aiki kamar abu ɗaya, ya ɗora musu manhajar ajiya. Ya ce daga yau hotunan gida, takardun yara, har muryoyin Inna da ke warwatse a wayoyin dangi, duk a gida za su zauna, ba a hannun kamfanin da ba a san fuskarsa ba. Kowa ya saka, kowa ya ɗauka, ko yana wata uwa duniya. Manhajar kuwa a cikin wani abu take mai kama da akwati: in kwamfuta ɗaya ta mutu, akwatin ya tashi a ta kusa da ita. Abu ɗaya ne bai da na biyu tukuna, ɗan baƙin faifan da ajiyar take ciki.

Babba, yayan Auta, mai gyaran wuta ne. Shi ya fasa bango, shi ya ja wa ɗakin wuta, shi ya shaƙi ƙura. Amma da Baba ya tashi yabo, Auta kaɗai ya gani, duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya ga aikin Auta. In fitila ta mutu Babba, in famfo ya tsaya Babba, amma tun da Inna ta kwanta dama ba wanda ya ce masa sannu. Kishi ne ya kama shi, ba sai an yi wa maganar kwalliya ba, kuma kishin ƙane ciwo ne da babban mutum ba ya iya kai wa likita. Har wata magariba ya shiga ya zare wayar kwamfuta ɗaya, don dai Auta ya ɗan yi gumi. Kafin ya fito abin ya tashi a ta biyu, Baba yana kishingiɗe yana kallon hotuna bai ma san an yi ba. Washegari aka fara jifa.

Daga nan kullum da faɗuwar rana sai jifa, sai kwamfuta ɗaya ta mutu ba wanda ya taɓa ta, sai a ji kamar tsohuwa tana mita a bayan ƙofa. Auta ya duba ya duba bai ga ciwo ba. Babba kuwa, Allah ya yafe masa, abin bai yi masa zafi ba, har ranar da aka aiki 'yarsa, takwarar Inna, ta ɗauko tsintsiya a ɗakin. Aka jira ta ba ta fito ba. Ya same ta zaune a ƙasa tana harare-hararen 'yan fitilun kwamfuta, da ya kira ta sai ta juyo ta ce da wata tsohuwar murya mai kaushi, "Waye kuka kawo min?"

Aka ɗauko malamin ruƙiyya, dattijo marar hayaniya. Ya zauna a bakin ƙofa ya yi ta karatu, yarinya tana murƙususu, mata biyu sun kasa riƙe ta. Can ta lafa, ya tambayi mai magana ko wace ce. Ta ce ita ce mai ajiyar ɗakin tun kafin a yi wa gidan rufi. Inna ba ta taɓa shiga ba sallama ba, kuma ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunta ba. Yanzu an kawo wani baƙon aljani an damƙa masa ajiyar gida, ana shiga ana fita ana yabonsa, ita ko kallo.

"Na shaƙe shi a wannan jikin, ya tashi a wancan," in ji ta. "Ni ma ban iya sauya jiki da saurin haka ba."

Malam ya ce inji ne kawai, kuma yarinya ba ta yi mata komai ba, ta ji tsoron Allah ta fita. Ta yi wata dariya, ta juyar da idon yarinyar kan Babba.

"Kai ka nuna min hanya ai, ina kallo ka zare masa waya. Ciwonmu ɗaya, ni da kai. Ka nuna min inda ransa yake, in sakar maka 'yarka."

Babba ya san faifan ne ran abin, ga shi can a ƙarshen benci. In ya nuna, 'yarsa ta dawo, aikin Auta ya rushe, kuma ba mai ganin laifin uban da ya ceci 'yarsa. Abin da ya tsorata shi, da ya ji hannunsa yana ɗagawa, ya kasa rantsewa don wanne daga cikin biyun yake ɗagawa. Auta ya sunkuyar da kai. Babba ya maida hannun ya danne a cinyarsa, ya ce muryar uwarsa ce a ciki, ba zai nuna ba. Ya ce wayar kuwa shi ya zare, Baba ya ji, kowa ya ji.

Malam ya ɗaga karatu. Ta yi kuka, ta nemi a bar mata ɗakin, ya ce ba a ciniki da jikin 'yar mutane. Da ta ga babu sarki sai Allah, ta sassauta murya ta ce in da gaske muryar Inna tana ciki, a jiyar da ita sau ɗaya ta tafi. Malam ya gyaɗa kai. Auta ya taɓa wayar hannunsa, ya buɗe wadda ta fara zuwa.

Sai ga Inna, da tarinta da komai, tana yi wa wata 'yar'uwarta hira. Tana cewa fitilar ɗakin baya ta mutu, amma ba ta damu ba, Babba zai dawo. "Gidan nan in ba shi ba ai da duhu ya cinye mu. Ba na faɗa a gabansa ne kawai, kada kansa ya kumbura."

Hawaye ya zubo a fuskar yarinyar. Tsohuwar muryar ta ce ta daɗe tana jin maganar matar nan, amma ko kalma ɗaya ba ta iya ajiyewa ba, baƙon ya fi ta. Ta yi sallama, yarinya ta yi atishawa ta buɗe ido tana tambayar ina tsintsiyar.

Aka watse, ba a sake jifa ba. Babba ya daɗe zaune a ƙasa da 'yarsa a jikinsa. Da Auta ya zo wucewa ya kamo gefen rigarsa, bai iya duban idonsa ba, ya ce gobe da sassafe su je a sayo wa faifan nan ɗan'uwa. Sannan ya ce, a hankali, ya sake kunna masa muryar Inna.