Gidan Zanzaro a Fankar Lagireto

Ana shirin kiran azahar ranar Laraba aka shigo da Ɗalha direba caji ofis ɗin Sule Tankarkar, wuyan rigarsa a yage. Sufeto Lauratu Ismail ta ture kwanon ɗanwakenta gefe ta fito.

Wanda ke gaban masu ƙarar ya ce sunansa Ɗantala, sakataren ƙungiyar wani ƙauye da ke bayan Ɗanzomo. Ƙungiyar ce ta haɗa ƙarfi ta sayi mota don kai marasa lafiya Gumel.

"Ranki ya daɗe, sakacin mutumin nan ya kusa kashe rai," in ji shi. "Kububuwa ta sari Ya'u makiyayi a ruga. An ɗauko shi, mota ta hau hayaƙi a hanya. Sai a babur aka ƙarasa da shi, yanzu haka bai san inda yake ba. Ko ruwa ba ya zuba wa motar."

"Wallahi na zuba," in ji Ɗalha.

Lauratu ta tashi ne a garejin marigayi mahaifinta da ke Gumel, tana miƙa masa sifana. Ta san ruwa ba shi kaɗai ke sa inji ya ɗauki zafi ba. Ta sallami masu ƙarar, ta ce da Saje Yazid ya ɗauko Ɗalha su je su ga motar. A hanya suka biya ta wurin Dogo, bakaniken da ke kula da ita.

Motar na gefen wata hanya mai yashi, injin ya huce. Dogo ya cika lagireto da ruwa, ya leƙa ƙasa, babu inda ke yoyo. Aka tayar. Allurar zafi ta yi ta hawa, fankar da ke hura wa lagireto iska ko motsi.

"Kashe," in ji Lauratu. "Duba fis."

Dogo ya zaro fis ɗin ya ɗaga shi a rana. Lafiya lau. Ya cire rile, ɗan akwatin da ke sakar wa fanka wuta, ya musanya da na oda. Ya yi ƙas, fanka shiru. Daga ƙarshe ya jawo waya kai tsaye daga batir ya ɗosana mata. Ko gezau.

"Ta ƙone," ya ce yana sosa ƙeya. "Amma Hajiya, da sake. Bayan Sallah na ɗaura sabuwa da hannuna."

"Me ya sa ba ta yi zafi ba sai yau?"

"A kwalta iskar gudu na sanyaya ta. A yashi kuwa, ana tafiya da giya ɗaya, sai da fanka."

Lauratu ta haska fitilar wayarta tsakanin fukafukan. A gindin ɗaya daga cikinsu ta ga ɗan curin laka busasshe, da ƙananan ramuka. Gidan zanzaro ne.

"Malam Dogo, zanzaro zai yi gini a fankar da ke juyawa kullum?"

Dogo ya leƙa, ya saki salati. "Wannan ba tawa ba ce. Ta daɗe a ajiye. Dubi kan notikan ma, sabon cizon sifana ne."

Ta juya ga Ɗalha. "Wa ka ba makulli?"

"Ba kowa, ranki ya daɗe. A aljihuna yake kwana."

"Bonet ɗin nan daga ciki ake buɗe shi, kuma ba a fasa ƙofa ba. In ba ka ba kowa ba, to kai ka canza fankar. Haka zan rubuta?"

Ɗalha ya durƙushe a yashi.

"Ranar Juma'a na je suna Gagarawa. Yaya Ɗantala ya ce in bar masa makulli ko za a samu larura. Wan matata ne, shi ya tsaya mini na samu aikin nan. Yaya zan yi in ambaci sunansa?"

"Shi kuma ga shi ya ambaci naka."

Dogo ya ce ai Ɗantala na da mota irin wannan sak, yana jigilar buhunan riɗi da ita. Tun damina fankarsa ta mutu, ya ƙi gyara, yana yawo da jarkokin ruwa.

Washegari Alhamis ce, kasuwar Maigatari ta cika. Lauratu da Saje Yazid, tare da Dogo da Ɗalha, sun tarar da Ɗantala a cunkoson bakin kara, wato kasuwar shanu, tireloli gaba da baya, injinsa a kunne yana ta hira da wani dillali. Lauratu ta tsaya jikin bonet ta kasa kunne. Fanka na juyi abinta.

"Malam Ɗantala, ina jarkokin ruwan?"

Ya yi 'yar dariya. "Ai na huta, ranki ya daɗe. Sabuwa na sayo a Kano."

"Yaushe ka je Kanon?"

"Saƙo na bayar."

"Wa ka ba?"

Ya fara kame-kame. Ta sa ya fita daga layi ya kashe motar ya buɗe bonet. Dogo ya sunkuya ya goge bayan fankar da hannun riga.

"Ga shi. Duk abin da na ɗaura wa motar ƙungiya sai na ɗiga masa jan fenti, don kada a ce na sa tsoho. Ga kuma haɗin wayar da na yi, na naɗe da baƙin tef."

Gumi ya keto wa Ɗantala. Ya dubi Ɗalha, ya kau da kai.

"Aro na yi," ya ce a hankali. "Na ce bayan kasuwar nan zan mayar. Motar ba kullum take fita ba. Ban san za a shiga yashi da ita ba."

"Da ta lalace fa? Me ya hana ka faɗi gaskiya?"

"Mutane sun taru, sun fusata. Tsoro na ji."

"Shi ne ka riga kowa damƙar wuyan mijin ƙanwarka."

Saje Yazid ya sa masa ankwa, sannan ya nuna fankar. "Wannan shaida ce, ranki ya daɗe. Ofis za mu kai ta?"

"Ɗauki hotonta ta kowane gefe, ka kai waccan matacciyar ofis. Ƙauyen nan ba su da wata motar."

Kafin la'asar Dogo ya mayar da fankar gurbinta a motar ƙungiya. Aka tayar da inji, kowa ya zuba wa allura ido. Ta hau zuwa tsakiya, sai aka ji ƙas, fukafukai suka ɗauka, iska mai ɗumi ta bugi fuskar Lauratu. Allurar ta tsaya cak.

Suna nan sai ga wata dattijuwa a bayan babur, daga asibiti take. Ummulkhair ce, mahaifiyar Ya'u. Ta ce ɗanta ya farfaɗo, har ya sha kunu. Ta wuce kowa ta tsaya gaban Ɗalha.

"Ɗana, jiya na zage ka. Ya'u ya ce da mota ta tsaya, kai ka goya shi a baya har bakin kwalta. Ka yafe mini. Allah ya saka maka."

Hawaye suka zubo wa Ɗalha. Ya juyo wurin Lauratu zai durƙusa, ta hana shi.

"Tashi, Malam Ɗalha. Ka ɗauki Inna ka kai ta gida."

"Na gode, ranki ya daɗe. Allah ya jiƙan mahaifa."

"Amin," ta ce, har cikin ranta.

Ɗantala na zaune a bayan motar 'yan sanda, kansa a sunkuye. Da Ɗalha zai wuce ya rage gudu ya leƙo ta taga.

"Yaya, zan ce wa ƙanwarka ta kawo maka abinci."

Ɗantala bai ɗago ba. Lauratu ta shiga gaba ta rufe ƙofa, Saje Yazid ya ja suka nufi ofis.