Allin Auta da Butar Shayi

Ranar Asabar, da ƙarfe bakwai da rabi na safe, wani yaro ya ɗaga murfin butar shayi ya leƙa ciki. A gidansu ana kiransa Sarkin Tambaya, domin ba ya ganin abu ya wuce bai ce "me ya sa?" ba.

Wata biyu ke nan da suka tare a sabuwar unguwa da ke bayan gari. Ruwan famfon gidan garau yake, babu datti ko kaɗan. Duk da haka Umma ba ta daina ƙorafi ba. Sabulu ba ya kumfa. Tawul yakan bushe ya yi tauri kamar fata. Kofunan gilashi kuwa, ko an wanke su, sai a ga farin ɗigo-ɗigo a jikinsu.

A gindin butar, yaron ya ga wani farin abu ya daskare. Ya kankare kaɗan da cokali, ya murza a yatsa, ya ji garas-garas. Ya goga a bayan baƙar tukunya, sai ga farin layi ya fito.

"Alli ne!" in ji shi.

Mutum ɗaya ce mai alli a gidan, wato ƙanwarsa Auta, 'yar shekara shida. An ba ta kwalin alli kyauta a makaranta saboda kyan rubutunta. Kullum da yamma takan jera takalman gida a baranda, ta jingina ƙaramin allonta, ta koya musu karatu. Takalmin Baba shi ne daƙiƙin ajin, kullum yana shan faɗa.

Yaron ya ruga wurin Umma da butar a hannu.

"Umma, na gano! Auta ce take zuba mana alli a shayi."

Umma ta duba butar, ta duba layin da ke bayan tukunya, sannan ta ƙwala wa Auta kira.

"Ke kika sa alli a nan?"

"Ni? Wallahi ban sa ba, Umma. Ba ke kika hana ni zuwa kusa da wuta ba?"

"To wa ke da alli a gidan nan?" in ji yaron. "Ko takalmin Baba ne ya zuba?"

"Kai ka gan ta da idonka?" Umma ta tambaye shi.

"Ban gan ta ba, amma ai ga shaida."

Umma ta karɓe kwalin allin, ta ɗora shi can saman kabad. Ta ce wa Auta, "Ranar da kika faɗi gaskiya, ki zo ki karɓi abinki."

Auta ta yi kuka har idonta ya yi ja, amma ba ta amsa laifin ba. "Yaya zan ce na yi abin da ban yi ba?" ta ce.

Umma ta dirje butar da soson ƙarfe har ta yi fes. Daga ranar makarantar baranda ta tashi. Takalma suka koma bakin ƙofa. Auta ta daina ce wa ɗan'uwanta Yaya. In dole ta yi masa magana, sai ta ce, "Kai, ana kiranka."

Kwanaki suka shuɗe. Wata safiya yaron ya sake leƙa butar. Farin abin ya dawo! Ya hau kujera ya duba saman kabad. Kwalin yana nan, har ƙura ta rufe shi, babu alamar yatsa ko ɗaya.

Sai ya fara bin gidan da kallo a hankali. Ya ga farin abin a bakin famfon kicin. Ya shiga banɗaki ya ɗaga kai, ya gan shi a kan shawa, ya toshe wasu hudojin har ruwa yana fita a karkace. Ko Auta ta hau kujera biyu, hannunta ba zai kai can ba.

Ya ji tsoron kada dai ƙazafi ya yi wa Auta. Amma son sani ya fi ƙarfin tsoro. Ya kankare abin a takarda, ya cika gora da ruwan famfo, ya tafi da su makaranta. Da aka fita hutun tara, ya nemi malamin kimiyya.

"Malam, don Allah mene ne wannan?"

Malam ya duba takardar, ya yi murmushi. "Ba zan faɗa maka ba. Kai za ka gani da kanka."

Ya aike shi ya ɗebo ruwan sama daga tankin makaranta a wata gorar. Malam ya rage ruwan famfon kaɗan a kofi, sannan ya yanki sabulu daidai wa daida, ya jefa a kowace gora.

"Girgiza su."

Yaron ya girgiza. Gorar ruwan sama ta cika da kumfa har wuya. Ta ruwan gidansu kuwa ta yi hazo-hazo, kumfar ba ta taka kara ta karya ba.

"Ikon Allah! Malam, me ya cinye kumfar?"

"Sannu, ba a gama ba."

Malam ya sa ya kawo ragowar ruwan famfon da ya rage a kofi. Ya zuba cokali ɗaya a kan baƙin murfin gwangwani, ya ajiye a taga inda rana take duka. Da aka tashi, suka koma. Ruwan ya ƙafe, ya bar farin zagaye.

"Daga ina ya fito?" yaron ya tambaya. "Ai ruwan garau yake."

"Gishiri ma in ya narke a ruwa, kana ganinsa?" in ji Malam. "Ruwan unguwarku daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi. A hanyarsa yakan ratsa fararen duwatsu, ya narkar da kaɗan daga jikinsu, ya taho da shi. In an tafasa ruwan ko ya ƙafe, sai dutsen ya zauna a baya. Shi ne yake hana sabulu kumfa, shi ne yake toshe shawa. Mutane sukan ce ruwan yana da nauyi."

"Guba ne?"

"A'a, ba guba ba ne. Ɓarnarsa a kan kayan gida take. Kuma ɗan'uwan alli ne, shi ya sa ya yi kama da shi."

Yaron ya sunkuyar da kai. "Ashe ba ƙanwata ba ce."

"Ƙanwarka kuma? Me ya kawo ta cikin maganar?"

Ya kwashe labari duka ya faɗa. Malam ya ce, "Tambayarka ta yi kyau. Amsarka ce ta yi gaggawa. Ka san abin da ya rage maka."

Da yamma Baba yana zaune a falo, Umma tana ninke kaya, Auta tana gefenta. Yaron ya durƙusa a gabansu.

"Umma, Baba, na yi kuskure. Auta ba ta zuba komai ba. Ruwan ne."

Ya nuna musu baƙin murfin, ya bayyana abin da ya gani. Sannan ya matse lemun tsami a cikin butar, kamar yadda Malam ya koya masa. Farin abin ya fara tsiii, yana fitar da ƙananan kumfa, yana narkewa.

Umma ta riƙe baki. "Innalillahi! Na ɗauki alhakin yarinyar nan." Ta jawo Auta jikinta. "Yafe mini, 'yar Umma. Ni ma ban bincika ba."

Baba da kansa ya sauko da kwalin, ya hure ƙurar, ya miƙa wa yaron. "Kai ka jawo aka ɗauke shi. Kai za ka mayar."

Yaron ya miƙa da hannu biyu. "Auta, ki yi haƙuri."

Auta ta rungume kwalinta, ta harare shi. "Na haƙura, Yaya. Amma sai ka shiga ajina. Horonka rubutu ne."

Baba ya tuntsire da dariya. "Malama ta yanke hukunci, babu ɗaukaka ƙara!"

Aka fita baranda. Sarkin Tambaya ya zauna a ƙasa ya naɗe ƙafa. Auta ta ba shi allo da alli guda.

"Rubuta abin da ka koya. Sau goma."

Ya rubuta: "Kada ka zargi mutum sai ka bincika. Zato zunubi ne."

Yana cika allo, tana ƙirgawa, yana gogewa. Da ya ce ya gama, Auta ta girgiza kai.

"Tara ne. Kana so ka cuci Malama?"

Ya ƙara ɗaya. A ƙasan allon ya rubuta da manyan baƙi: "Sau goma cif." Auta ta duba da kyau, ta sa masa maki.