Yajin Gwaggo Kulu

Tsire ne ya haɗa Latifa da Falalu. A wajen wani suna ne a unguwar Ardwick ta Manchester, tana zagayawa da faranti kowa na ɗauka, sai wani dogon saurayi a bakin ƙofa ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi.

"Malam, ba ya cizo fa," in ji ta.

"Ni yana cizo na," ya ce, da wata Hausa mai ƙamshin Birmingham. "Ƙulin da ke jiki ne. Ina da allergy na gyaɗa. Ko kaɗan na ci, maƙogwarona rufewa yake yi."

Ya buɗe kwat ɗinsa ya nuna mata allurar da yake yawo da ita, mai kama da ƙaton biro. Latifa pharmacist ce, aikin magunguna take yi, ta san ta sarai, amma sai da ta yi dariya. Bahaushe da gudun gyaɗa! Tun daga ranar ta sa masa suna Baturena, shi kuma yake ce mata Zumata.

Wata takwas jirgin ƙasa na kai shi Manchester yana mayar da shi Birmingham, soyayya ta yi nisa. Sai mahaifin Latifa, Dakta Bara'u, ya taka burki.

"Yaron da aka haifa a Balsall Heath ta Birmingham, sau biyu kacal ya taɓa taka Kano? Ban ga tarbiyyarmu a jikinsa ba. Ga Sha'aban ɗan aminina nan yana jira."

Da Falalu ya ji, sai ya turo mata saƙo:

"Zumata, don Allah kar ki faɗa wa su Abba zancen gyaɗar nan. Dama ana ce min Bature. In suka ji wannan kuma, I'm finished."

"Na yi shiru, Baturena. Kai dai ka riƙe ni, ni ba inda za ni."

A duk wautar da masoya ke yi, ban ga wadda ta kai wannan alkawari ba.

A watan Nuwamba ƙawarta Nanret ta gayyace su bikin zagayowar haihuwarta. Wani tsohon gidan masu hannu da shuni ta kama a ƙauye, inda ake wasan gano mai kisa: a ba kowa matsayi, a yi kamar an kashe mutum ɗaya, sauran su binciko wanda ya yi. Abba ya ce Latifa ba za ta je ba sai da yayarsa Gwaggo Kulu, wadda ta zo ziyara daga Kano, ta ga yaron da idonta ta kawo masa labari.

Sun yi tafiyar awa biyu, rabin awar ƙarshe a wata siririyar hanya da ba gida ba mutum, sai itatuwa da ruwan sama. Gidan na tsaye shi kaɗai, baƙi ƙirin, tagogi sun fi talatin amma uku ne ke da haske. Gaban Latifa ya faɗi ba ta san dalili ba.

Mai kula da wasan, wani siririn Bature mai farar safar hannu, ya karɓe wayoyinsu ya kulle a akwati. Ya karɓi rigunan sanyinsu ya rataye a wani ɗaki can ƙarshen baranda, ya ba su tufafin mutanen zamanin da, da kati a rufe mai ɗauke da matsayin kowa.

"A rasa wasan da za a yi sai na mutuwa?" in ji Gwaggo Kulu. "A'uzubillahi. Ni dai 'yar kallo ce."

Katin Falalu ya ce shi ne maigidan, kuma wata ƙawar Nanret mai suna Lovelyn ce matarsa. Lovelyn kuwa ta ɗauki abin da zafi, sai rangwaɗa take a gefensa, "darling" nan, "darling" can. Shi kuma don kar ya ɓata wasa, yana amsawa. Kishi ya turnuƙe Latifa. Da aka zauna cin abinci ƙarfe biyar, duhu ya riga ya rufe, ta koma can ƙarshen teburi ta ƙi ko kallonsa.

Kusa da Gwaggo aka zaunar da shi. Aka kawo kifi da dankali. Gwaggo ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, ta zaro kwalbar yajinta daga jaka ta barbaɗa wa nata, sannan ta kai hannu ta zazzaga wa Falalu.

"Ci, ɗan nan. Abincin nan salam yake kamar ba a dafa ba. Da hannuna na daka shi."

Ƙamshin ƙuli ya daki hancinsa. Ya ɗago ya nemi idon Latifa, ta kawar da kai. Ga Gwaggo ta zuba masa ido, ita ce kuma za ta kai labarinsa wajen Abba. Ya za a yi ya mayar wa surukuwa hannunta? Ya ce a ransa loma ɗaya ba za ta yi komai ba. Ya yi bismillah ya kai bakinsa.

Ba a jima ba fitilu suka ɗauke. Wata mata ta ƙwalla ƙara, kujera ta faɗi. Da haske ya dawo, Falalu na ƙasa yana riƙe da wuya.

Aka ɗauki tafi. Mai farar safa ya murɗa makullin ƙofa ya sa a aljihu, yana murmushi, don dama katin Falalu ya ce shi za a kashe. Ya sanar cewa ba mai fita sai an gano mai laifi. Lovelyn ta zube tana kukan ƙarya. Latifa ko motsi ba ta yi ba. A ranta cewa ta yi, matarka ta yi maka takaba.

Gwaggo ce kaɗai ba ta tafa ba. Ta sunkuya, don ta ga leɓensa na motsi. Muryar ba ta fita, sai wani siririn fito, amma ta ji abin da yake ƙoƙarin faɗa.

"La'ilaha... illallah..."

Ta miƙe zumbur.

"Latifa! Shahada yake yi! Ba a wasa da kalmar nan, wallahi yaron nan tafiya yake!"

Latifa ba ta san lokacin da ta iso ba. Leɓensa sun kumbura, fuskarsa ta canza launi, idanunsa sun firfito. Ta ga jan yaji a farantinsa. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba a rayuwarta.

Ta laluba ƙirjinsa. Rigar wasa ce, ba aljihu. Allurar na cikin kwat ɗinsa a ƙarshen baranda. Ta daka wa mai farar safa tsawa ya buɗe ƙofa.

"Open the door! He can't breathe!"

Mai farar safa ya ɗaga gira, ya ce madalla, ashe ta iya wasa. Wasu ma suka yi dariya. Wannan dariya ita ta fi komai firgita ta: mutum goma sha biyu a ɗaki, Falalu na mutuwa a gabansu, ba wanda ya yarda.

Gwaggo ba ta jin Turanci, amma ta ga inda makulli ya shiga. Ta cakumi kwalar mutumin ta zura hannu a aljihunsa ta fizgo shi. A nan ne dariya ta tsaya.

Latifa ta ruga cikin barandar mai duhu, doguwar rigar wasa na harɗe mata ƙafa. Riguna sun fi goma a rataye, duk baƙaƙe. Tana zubar da su ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunan Allah, har hannunta ya taɓa allurai biyu a wani aljihu.

Da ta dawo, fiton ma ya kusa ɗaukewa. Ta cire murfi ta danna masa a cinya ta saman wando.

"Falalu, kar ka yi min haka. Baturena, numfasa. Ni ce, kalle ni."

Nanret ta sa aka buɗe akwatin wayoyi, ta fita cikin ruwa tana neman network. Ta dawo ta ce ambulance sai nan da minti arba'in. Minti biyar suka wuce, ba wani sauƙi. Latifa ta danna ta biyu, ta san babu ta uku. Gwaggo ta ɗaga masa ƙafafu kan kujera kamar yadda aka ce mata, hawaye na zuba, bakinta bai daina addu'a ba.

Can ya ja wani dogon numfashi mai ƙara. Ya sake jan wani.

"Zumata..." ya ce da ƙyar. "Kar ki bari Gwaggo ta ji ba daɗi."

Washegari Abba ya iso asibiti fuska a ɗaure. Kafin ya buɗe baki Gwaggo ta tare shi.

"Bara'u, zauna. Ka ce ba shi da tarbiyya? Yaron nan ya san abin zai cuce shi, ya ci don kar ya kunyata ni. Da ya ga mutuwa kuma, Allah ya kira. Da kunnena na ji. In ka hana shi 'yar nan, ni da kai ne."

Abba ya juya ga Falalu.

"Kunyar da za ta kai mutum kabari wauta ce, kar ka sake," ya ce, murya ta yi laushi. "In ka warke, ka turo manyanka."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a Manchester. Gwaggo ta ƙi komawa Kano sai da ta raka amarya Birmingham da kanta. A falon sabon flat ɗinsu ta kama hannun Latifa ta ɗora a na Falalu.

"Da hannun nan na kusa raba ku. Yau ga shi da shi na kawo maka ita. Allah Ya ba ku tsawon rai, ku tsufa tare, Ya sa albarka a zuriyarku."

Falalu ya durƙusa har ƙasa. Ya buɗe baki zai yi godiya, kuka ya ci ƙarfinsa, sai Latifa ce ta amsa musu su biyun.

"Amin, Gwaggo."