Furen da Aka Ɗaura wa Zare

A wani gari an yi wata mata mai sayar da daddawa, wadda mijinta ya rasu. A yini ɗaya ta rasa girman kanta, ta sami aikin shekara guda.

Ita dai in tana son abu a kasuwa, sai ta fara damƙe shi a hannu, sannan ta taya. Ba a taɓa cin ta a ciniki ba.

Da damina ta wuce, aka buɗe lambun gari don kowa ya zo kallon furanni. Tana zagayawa ta ga wani jan fure da aka ɗaura wa farin zare. Ta tsinke shi, ta nufi tsohon da ke kula da lambun.

"Baba, nawa?"

Tsoho ya dubi hannunta. "Baiwar Allah, shi kaɗai na bari don iri. Shi ya sa na ɗaura masa zare."

Ta taya, ya ce albarka. Ta ƙara, ya ce albarka. Masu kallon furanni suka koma kallonta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, muryarta ta yi ƙasa.

"To, me zan biya?"

"Saiwar tana da rai. Tana son ruwa tulu biyu kullum, har baɗi."

Ta buɗe baki za ta ce ɗaya, kamar yadda ta saba. Sai ta ga furen ya riga ya yi yaushi a tafinta.

"Tulu biyu, Baba," in ji ta. "Har baɗi."