Farfaɗiyar Duna

Zirnaƙo mai lamba goma sha tara ya sauko daga saman rumfunan kasuwar Tudun Ƙarfe da hantsi, ya tsaya cak a iska daidai kan wani kare da ke birgima a bakin kwata. Fitilar cikinsa ta tashi daga kore ta koma ruwan ɗorawa, daga nan ta yi ja. Aka ji wata 'yar ƙara kamar an tsartar da yawu, karen ya yi shuri biyu ya miƙe. Kafin masu tumatir su gama salati, motar kwasa marar direba ta zo ta ɗauke gawar, ta wanke wurin, ta wuce abinta.

Wannan zirnaƙon dai ba ƙwaro ba ne, mutanen gari ne suka laƙaba masa sunan saboda ƙugin da yake yi. Na'ura ce mai tashi, faɗinta bai wuce na faranti ba, da kyamara shida da allura guda mai kashewa nan take. An ƙera su ne bayan shekarar da ciwon haukan kare ya ci yara arba'in da ɗaya a birnin. Shekara huɗu ke nan suna shawagi, ba a sake binne yaro saboda cizon kare ba. Wadda ta koya musu aikin kuwa Injiniya Lantana Jatau ce, kuma gaskiya tana ji da kanta a kan haka, ba ta ma ɓoyewa.

Abin da abokan aikinta ba su cika sani ba shi ne a gidansu akwai kare. Mahaifinta, Malam Jatau, tsohon maharbi ne da ciwon suga ya cinye wa ido. Ta sayo masa tabarau mai magana, wanda ke faɗa wa makaho abin da ke gabansa. Kwana biyu ya sa shi ya tuɓe, wai surutunsa ya yi yawa kuma ba shi da ladabi. Duna ya fi masa. Baƙin kare ne wuluk, jikan karnukan farautarsa, shi ke kai shi masallaci ya kwanta nesa a gindin darbejiya har a idar, shi ke kai shi majalisa, shi ke dawo da shi. In ba Duna, tsohon nan ko ƙofar gida ba ya tsallakawa.

Wata Talata da safe Lantana tana ɗaura agogo za ta fita sai ta ji wani irin kuka daga zaure, ba haushi ba, ba kuma gurnani ba. Ta tarar da Duna kwance a gefe ɗaya ya sanƙare, wuyansa ya lanƙwashe baya, ƙafafunsa suna ta shure-shure. Haƙoransa na kaɗawa, kumfa na zuba, fitsari ya malale a siminti. Tsohon yana durƙushe yana laluben bakinsa da guntun icce, wai kada ya tauna harshensa. Ta fizge hannun mahaifinta. Ba ta taɓa jin tsoro irin na ranar ba, don abu na farko da ya faɗo mata shi ne hauka ne, kuma shekara shida ke nan yana cin abinci daga hannun babanta.

Can sai abin ya sake shi. Ya tashi yana tangaɗi, ya yi karo da bango, ya dubi maigidansa kamar bai taɓa ganinsa ba. Sai da aka yi kusan rabin awa kafin ya zo ya kwanta a ƙafar tsohon yana haki.

Likitan dabbobi, Dakta Haladu, ya zo har gida da akwatin gwajinsa. Ya ɗebi jini, ya kafa wa karen wata hula mai wayoyi, ya ce ba hauka ba ne, farfaɗiya ce, wutar ƙwaƙwalwa ce ke rikicewa na ɗan lokaci ta koma daidai. Ba ta yaɗuwa, ko kumfar ta taɓa mutum ba abin da zai same shi. Ya ce in ta tashi kada a danne shi, kada a sa masa komai a baki, kare ba ya haɗiye harshensa, yatsa kawai mutum zai rasa. A janye abin da zai buge shi, a ja baya taku uku, a duba agogo, a riƙa yi masa magana a hankali. In ta wuce minti biyar a kira shi ko yana ina. Ya bar ƙwayoyi, safe da yamma, ba fashi. Ya ɗaura wa Duna wani abin wuya da zai buga wa wayar Lantana in abin ya motsa.

Da ta raka shi ƙofa sai ya ɗaga kai ya dubi sama, ya rage murya.

"Injiniya, kada ta kama shi a waje. Kin fi ni sanin dalili."

Ai kuwa ta fi shi sani. Lokacin da take koya wa zirnaƙo aiki, hotunan kyamarorin titi dubu tara ta tara, ta bi mahauta da tsofaffin mafarauta unguwa-unguwa tana tambayar yadda ake gane mahaukacin kare. Kumfa a baki, faɗuwa, cizon iska, rashin gane mai shi. Duk cikinsu ba wanda ya ambaci farfaɗiya, don a garin nan wa zai tsaya kallon kare yana kumfa har ya ga ƙarshen abin? Da yake ta san na'ura na iya kuskure, sai ta ƙara sharaɗi na ƙarshe, wanda ta fi alfahari da shi: zirnaƙo ba zai yi harbi ba sai ya ƙirga mutum bakwai suna gudu a wurin cikin minti ɗaya. A ganinta jama'a sun fi kwamfuta sanin mahaukacin kare. Ta manta cewa jama'ar nan ko ɗan'uwansu farfaɗiya ta kayar watsewa suke yi, wai kumfar na kama mutum.

Ta rubuta takardar neman a cire Duna daga lissafin zirnaƙo. Aka ce sai kwamiti ya zauna, nan da mako biyar. Ba ta da bakin ƙorafi, ita da kanta ta tsara cewa mutum ɗaya ba zai iya taɓa manhajar ba, saboda manyan gari kada su riƙa ware karnukansu.

Ta roƙi mahaifinta ya zauna a gida har lokacin. Ya ce to. Makonnin nan ba ta san daɗin abinci ba. Tana ofis idonta na kan waya, ko tsaki wayar ta yi sai ta fizge ta ta duba. Sau biyu abin ya tashi, duka a zaure. Tsohon ya koyi aikin tsaf: ya ture buta da kujera, ya ja baya taku uku, yana ƙirga daƙiƙa da carbi yana cewa, "Ina nan, Duna. Ina nan." Daga nan aka yi kwana goma sha tara lafiya lau, ƙwayar ta karɓe shi.

Kwana goma sha taran nan su suka ruɗi tsohon. Ranar Juma'a Lantana ta leƙa kantin bakin layi sayen sabulu, shi kuma ya saɓa babbar riga ya ɗauki igiya. Juma'a uku sun wuce shi, ya ce ba zai bari ta huɗu ta wuce ba.

Tana miƙa hannu za ta karɓi sabulun wayar ta fara kuka. Taswira ta nuna Duna a titin masallaci, ba a zaure ba. Ta yar da komai ta fita.

Daga kan kwana ta hango su. Duna na ƙasa yana shure-shure a kan kwalta. Mahaifinta ya saki igiyar ya ja baya taku uku, yadda aka koya masa, carbi a hannu, bakinsa na motsi. A samansu zirnaƙo na tsaye, fitilarsa ruwan ɗorawa. Masu tafiya masallaci sun dare, wasu sun tattare riguna sun arce. Ta ƙirga da ido: ɗaya, biyu, mai lemo, wasu samari biyu, wani mai keke da ya yar da kekensa. Shida. Sauran sun tsaya daga nesa sun toshe hanci. Saura mutum ɗaya tak, kuma ga wani dattijo can yana ɗaga ƙafa yana waige.

Ta zubar da takalmanta ta sheƙa a guje tana ɗaga hannu.

"Kada wanda ya motsa! Don Allah ku tsaya! Ba hauka ba ne!"

Dattijon ya tsaya. Kowa ya tsaya. Ita kaɗai ke gudu a titin, kuma sai da ta kusa isa ta ga fitilar ta yi ja. A nan ta tuna. Cikin hotuna dubu taran nan babu ko ɗaya da mutum ya ruga wajen kare mai kumfa, don haka ba ta taɓa koya wa na'urar duba inda mai gudu ya nufa ba. Saurin ƙafa kawai take aunawa.

Duna ya yi shuri biyu ya daina. Tsohon bai sani ba, ya ci gaba da jan carbinsa yana cewa yana nan, har sai da ya ji ƙarar motar kwasa. Lantana ta zube a kan kwalta ta rungume ƙafafunsa tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Ya laluba ya ɗauki igiyar da aka bar masa, ya naɗe ta a hannu, ya ce ta kai shi gida.

Kwana uku bai fita ba, bai kuma yi maganar ba. Ran na huɗu ta kawo masa koko a zaure, ta zauna ta faɗa masa komai, da sharaɗin mutum bakwai, da wanda ya cika na bakwan. Ta ce ta ji tsoron faɗa masa ne, kuma har yanzu tsoro take ji, don zirnaƙo ɗari uku ne ke yawo a kan garin da wannan lissafin a cikinsu.

Ya ajiye kofin a gefensa.

"Na san ke ce," in ji shi. "Na ji ƙafafun mutum shida suna nisa, na ji ɗaya tana matsowa, har na ce alhamdulillahi ga Lantana. Ni da ba ni da ido ko ɗaya na bambance mai gudunmu da mai zuwa wajenmu. Abin naki ido nawa kika ce kin sa masa?"