Wanda Ke Shaƙar Turaren Muhsin

Ana haɗa butocin alwalar magariba dutsen farko ya faɗo a kan kwanon gidan Muhsin. Aka ce yara ne. Aka leƙa waje, ko akuya babu. Washegari duwatsun suka dawo, har da wata murya ƙasa-ƙasa daga bayan katanga, tana jan numfashi kamar mai shinshina miya.

Duk Kazaure an san Muhsin da haukan turare. Wani ya tara shanu, shi kwalabe yake tarawa, na mai da na fesawa, har wanda direbobin Babura ke shigo masa da shi daga Nijar. Ba ya gwaji a ɗaki, wai ƙamshi yana cakuɗewa. Sai rana ta yi ja ya zagaya gindin dutsen da ke bayan gida, ya fesa a iska, ya lumshe ido.

"Baban Ikilima, magariba fa!" matarsa Tasalla kan ce. "Ko bisimilla ba ka yi."

Dariya kawai yake yi. Da damina ta sauka wurin ya caɓe, ya daina zuwa. To, a lokacin jifan ya fara.

Gidan ya rasa sukuni. Ikilima, 'yarsu tilo, ta daina cin abinci, ta koma zama gaban kabad ɗin turare tana buɗe hanci. Wata yamma ta yanke jiki ta faɗi, ta tashi da muryar ƙato. Tsoro ya kama Muhsin, ya hau babur sai Roni, ya ɗauko Malam Jalaluddeen mai ruƙiyya.

Malam ya yi ta karatu har yarinyar ta sandare.

"Wane ne kai?" Malam ya tambaya.

"Mai gindin dutsen," in ji muryar. "Shekara da shekaru uban yarinyar nan yana kawo mini ƙamshi, kullum sabo. Ni na roƙe shi? Ya saba mini, ya yanke."

"Wallahi gwaji nake yi!" Muhsin ya ce.

"A ƙofar ɗakina? Ya ci gaba da kawowa, in sake ta."

"Ba mai yi maka hidima," Malam ya ce. "Shirka ce. Fita don Allah, ko ka ƙone."

Ya ɗaga karatu. Ikilima ta shiga buga kai da ƙasa, jini ya ɓalle mata a hanci, Tasalla ta ɗora hannu a ka.

"Zan fita, amma ba hannu rabbana ba," muryar ta ce.

"Ɗauki abin da kake so a jikina, ka bar mini 'yata!" in ji Muhsin.

"Muhsin, yi shiru!" Malam ya daka masa tsawa. Ina, bakin alƙalami ya bushe.

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Can ta buɗe ido ta ce, "Umma, ruwa." Muhsin ya rungume ta yana kuka kamar yaro.

Malam ne ya fara yamutsa fuska. Tasalla ta zabura.

"Wayyo, tuwona ya ƙone!"

Hayaƙi ya cika tsakar gida, Ikilima har tana toshe hanci. Muhsin ya ja iska, ya sake ja. Ya dubi Malam.

"Malam, wai ƙauri kuke ji?"